Yatsan "Na Gani"

Yau da safe na faɗo daga kan durom. Ba wasa nake ba, jama'a, ni da furfurata, ƙafa a sama, guduma a hannu. Kwanon ɗakinmu ne ke yoyo daidai kan keken ɗinkin mai ɗakina, ga hadari ya haɗo, shi ne na ce bari in hau in buga ƙusa biyu. Ta tsaya a kaina ta ce, "Sannu Malam. Wai ina tsanin unguwa ne?" Ta san inda yake sarai, neman magana ne kawai.

Shekara shida muna da wata rumfa a bakin layinmu, jikin shagon Mai Walda. Duk mai kayan aikin da ba kullum yake bukatarsa ba, nan yake ajiyewa: tsani, baro, shebur biyu, injin huda bango. Ba haya, ba ajiye katin shaida. Ka ɗauka, ka rubuta a zauren unguwa na waya cewa "baro yana wurina", in ka gama ka mayar. Wanda ya ga saƙon sai ya danna hoton babban yatsa. A wurinmu yatsan nan ba ya nufin komai sai "na gani". Haihuwa yatsa, cigiyar akuya yatsa. Ranar da Mai Wanki ya rubuta cewa surukarsa ta zo za ta yi wata uku, yatsa arba'in ya samu. Kuma in faɗi gaskiya ni na koya musu, don na gaji da karanta "to madalla" sau hamsin.

Ana nan sai labarinmu ya kai kunnen Mai Girma Babban Mai Yanke Kintinkiri, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Aka ce abin ya taɓa masa zuciya, a ce talakawa na taimakon juna haka kara zube, ba kwamiti, ba bikin buɗewa. Ya turo mana Mai Ba Shi Shawara Kan Sauraron Talaka, wani ɗan gaye mai waya uku. Ya ce zamani ya canja, mulki ya dawo tafin hannunmu, ba za a ƙara yin komai ba sai an ji ta bakinmu ta waya. Muka yi tafi. Da hannuna na sa shi a zauren.

Ran Talata ya turo saƙo, dogo kamar layin gidan mai. Ni kuwa a lokacin ina cikin layin man na gaske, ina tura babur. Na karanta "Bayan gaisuwa mai yawa", na danna yatsa, da niyyar in na koma gida in karanta sauran. Mutum tamanin da uku suka bi bayana.

Ran Asabar sai ga motar rusau.

Mai Walda ya fito da tabaran aikinsa a goshi. "Ranka ya daɗe, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba," in ji Mai Sauraro. "Ai ku kuka zaɓa." Ya zaro waya ta biyu ya karanto mana layin ƙarshe na saƙonsa: duk wanda ya amince a rushe rumfa a gina Cibiyar Haɗin Kan Al'umma ta Zamani, ya danna yatsa. "Tamanin da huɗu cikin tamanin da huɗu! Mai Girma har ƙwalla ya yi."

Na ce, "Haba ranka ya daɗe, yatsan 'na gani' ne fa!"

Ya ce, "To ai ga shi kuna gani."

Mai Walda kallona kawai ya yi. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Shi ya kafa rumfar nan da ragowar ƙarfensa, shi ke share ta kullum.

Kowa ya kwashi nasa ya kai gida ya kulle. Tsani ne kaɗai ya rage, don an manta mai shi, ya zama na kowa. Sai ma'aikatan suka ce mu ara musu su kafa allo. Allon kam ya yi kyau, ba ƙarya: ga hoton Mai Girma yana murmushi, ga tulin yashi a baya da awaki ke hutawa a kai. An ce in an gama ginin, aron baro zai zama na zamani. Ka cika fom a waya, ka kawo mutum biyu su tsaya maka, ka jira kwana goma sha huɗu ban da Asabar da Lahadi. Wannan ci gaba har ina!

Wata biyu ke nan ba tsani. Shi ya sa da na tashi daga ƙasa ina dafe da ƙugu, na rubuta a zaure: "Ranka ya daɗe, tsanin unguwa yana wurinku. Ruwa na zuba kan keken iyalina, da shi muke cin abinci. Don Allah a dawo mana da shi."

Ko minti ɗaya ba a yi ba Mai Sauraro ya amsa. Yatsa.

Mai ɗakina ta leƙo. "Me ya ce?"

Na ce, "In yatsan irin nasu ne, ya amince. In irin namu ne, ya gani."

Ta ɗauko babbar roba ta kife a kan keken.