Harsasan Shugaba Metod Sun Ƙara Tsawo

Metod Zalokar bai taɓa ɓoye wa kowa cewa ya raina duk abin da ba hannunsa ne ya yi ba. A nan dole a yaba masa. Wasu sukan raina ka a zuci su yi maka murmushi. Shi kuwa a gaban idonka zai ɗauki harsashinka da yatsu biyu, kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya duba shi sama da ƙasa, ya miƙa maka yana goge hannu a wando.

Shi ne shugaban ƙungiyar maharba ta ƙauyenmu, can cikin duwatsun Sloveniya. Kafin ya yi ritaya aikinsa duba sikelin 'yan kasuwa ne, kuma har yau kallon mai tauye mudu yake yi wa kowa, har da limamin coci. Yana da gashin baki da yake murzawa idan zai yi magana, da koriyar hula mai gashin tsuntsu wadda ba ya cirewa sai a gaban gawa.

Sauran maharba a kanti suke sayen harsashi. Metod da hannunsa yake ɗura nasa, a ɗakin ƙasa, inda ya kafa ɗan injin matsawa a bakin teburi. Harsashin kanti kuwa sunansa a wurinsa abincin gwangwani.

Ilminsa a kan ƙafa biyu ya tsaya, kuma duk wanda ya taɓa zama a mashayar Vida ya haddace su ko bai so ba. Ta farko, a cika kwanson tagulla da albarushi har wuya, sannan a danna ƙwayar dalma a kai sai an ji ƙwayoyin albarushin suna ƙara a ƙasa. Ta biyu, kada a nutsar da dalmar sosai. A bar ta ta miƙo wuya, ta yadda da an rufe sakatar bindiga hancinta zai taɓa tsagin da ke cikin bututu.

"Jama'a, kwanson da ke da sarari a ciki kamar kan jahili ne," in ji shi, yana murza gashin baki. "Ni idan na danna, sai na ji ƙaras-ƙaras. Wannan ita ce waƙar da nake ji. Sannan harsashi mai tarbiyya yakan gaida bututu tun kafin a harba shi. Naku na gwangwani tsalle yake yi ya faɗa ciki kamar ɓarawo."

Wani ya taɓa ce masa ai littattafan masu yin albarushi sun sa iyaka. Ya ce waɗannan don masu koyo aka rubuta su. Tun daga ranar sunansa ya koma Shugaba Ƙaras-Ƙaras. Da labari ya kai masa, sai ya ɗauka sarauta ce.

Ga shi da son doka. A shekarun shugabancinsa ya kafa dokoki fiye da bishiyoyin da ke dajin. Biyu daga ciki ya fi ji da su. Duk wanda zai tsallaka gadar gungume da ke kan rafi sai ya cire harsashi daga bindiga, ko wane ne shi. Kuma idan kaka ta yi, mazan barewa suka fara ruri suna neman mata, ba mai gwajin harbi a kwarin nan, don kada a firgita su. Wanda ya karya, shi zai shayar da ƙungiya gaba ɗaya, a kuma karanta laifinsa a tsaye.

To, a dajinmu akwai wani tsohon namijin barewa da ake kira Mai Rassa, don ƙahonsa kamar an ɗora masa busasshiyar bishiya a ka. Irin wannan sau ɗaya ƙungiya ke ba mutum a rayuwarsa. Bana layi ya zo kan Metod. Sharaɗin ɗaya ne: ya harbe shi kafin ƙararrawar coci ta ranar Lahadin da ke rufe lokacin ruri. Idan ya wuce, Mai Rassa ya koma hannun na gaba a layi. Na gaban kuwa Rajko ne, ƙanin matarsa, direban motar katako mai furfura da tumbi, wanda bai taɓa ɗura harsashi ko ɗaya ba a duniya, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba.

Tun farkon bazara Metod ya shiga ɗakin ƙasa don wannan barewa. Matarsa Zofka tana sama tana murza ƙullu, tana jin nishinsa yana rataye da hannun injin. Bai taɓa cusa albarushi irin na wannan karon ba. Da ya gama, ya jera harsasan a wani akwatin katako mai shimfiɗar karan-miski, ya sa a kabad ɗin gilashi na falo, tsakanin kofunan aurensu da hoton mahaifiyarsa. Baƙo bai isa ya sha kofi ba sai an nuna masa su. Kafinta ma ya sassaƙa allon da za a kafa ƙahon a kai, an buga shi a bango, an sauke agogon Zofka don a samar masa wuri.

Gab da shigowar kaka Zofka tana share ƙura ta ce, "Maigida, murfin akwatin nan naka ya daina rufuwa fa."

"Katako ne ya sha raɓa. Kafintocin yanzu ba su iya komai ba."

"Ni dai gani nake kamar 'ya'yan naka ne suka ƙara tsawo."

"Zofka, ki tsaya a kan tukunya. Harsashi ba kabewa ba ne."

Ma'auninsa yana nan a aljihu, wanda yake auna harsasan mutane da shi a mashaya don ya kunyata su. Bai auna nasa ba. Mutum ba ya binciken abin da ya riga ya san daidai ne. Albarushin kuwa, da yake ba ya halartar laccar Shugaba, bai san an hana shi motsi ba. Duk tsawon watannin nan yana ta turo dalmar waje sannu a hankali, kamar mai barci da ke ture bargo.

Lokacin ruri ya zo. Kullum Metod sai ya sami dalilin jinkiri: yau iska ba ta dace ba, gobe hazo ya yi yawa. So yake a daɗe ana maganarsa. Sai ranar Asabar da sassafe ya saɓa bindiga. Al'ada ce mai neman babban namiji ya tafi da ɗan rakiya daga ƙungiya, kuma ƙuri'a ta faɗa kan Rajko.

A bakin daji Metod ya sa harsashi. Sakata ta ƙi rufuwa sai da ya bi ta da tafin hannu.

"Yaya, lafiya? Na ga kamar kana kokawa da ƙofar rumbu."

"Kai yaro, bindigar kirki riƙon maza take yi. Taka da ta saba da gwangwani ai ko cokali ka sa mata za ta haɗiye."

Ba su yi nisa ba suka ji ruri daga tsallaken rafi, mai kauri, har cikin ƙirji. Metod ya ɗaga ƙafa zai hau gadar gungume. Rajko ya yi gyaran murya.

"Doka, Yaya."

Da wani shugaban ne, da ya yi kamar bai ji ba. Metod ba haka yake ba. Ya juyo, ya murza gashin baki, ya yi raɗa mai kama da jawabi: "Ka buɗe ido ka gani. Shugaba shi ne farkon mai bin doka."

Ya ja sakata. Ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi. Ta taho gaba ɗaya, da kwanso a bakinta, wuyansa a buɗe, babu dalma. Dalmar ta gaida bututu gaisuwar da ba ta da niyyar tashi. Albarushin da aka tsare tun bazara ya sami ƙofa. Ya zubo cikin bindigar, ya bi hannun riga, ya gangara cikin takalmi, sauran ya maƙale a gashin baki kamar an barbaɗa masa barkono.

A daidai nan Mai Rassa ya fito daga cikin bishiyoyi a ɗaya gaɓar. Ya tsaya a fili, ya ba da gefe, kusa ƙwarai, yadda ko Zofka za ta same shi da muciya. Ya ɗaga kai ya yi ruri, tururi na fita daga bakinsa.

Metod ya laluba wani harsashin ya tura. Ina hanya, dalma ta toshe ta. Ya karyo ɗan reshe ya zura ta bakin bututu don ya turo ta baya. Reshen ya karye a ciki.

Rajko, wanda da ya yi shiru barewar ta zama tasa, ya sauke bindigarsa daga kafaɗa ya miƙa. "Karɓi tawa, Yaya. Yi sauri, ba zai kwana a nan ba."

Metod ya dubi bindigar, ya dubi barewa, ya dubi bangon falonsa a zuci. Sannan ya miƙe wuya.

"Ni? In kashe Mai Rassa da abincin gwangwani? Me za a rubuta a ƙarƙashin ƙahon?"

Mai Rassa ya ƙara jira kaɗan, don shi ma dattijo ne mai kara. Ya yi fitsari, ya kaɗa kunne, ya juya ya shige daji ba tare da gaggawa ba.

Da rana a mashayar Vida maharba sun cika, kowa ya ƙosa ya ji. Metod ya tsaya kusa da murhu ya yi bayani. Ya ce ya ga barewar, ya auna ta da ido, ya ga hasken safiyar bai kai darajarta ba, don haka ya ɗaga mata ƙafa. Ya ce jahili ne ke harbi don kawai ya ga nama. Yana cikin magana ya buga ƙafa a ƙasa don ƙarfafa batu, sai baƙin gari ya tashi daga bakin takalminsa. Ya ɗaga hannu, wani ya zubo daga hannun riga ya faɗa kan murhu, ya yi fuu da ɗan harshen wuta.

Vida ta ajiye tire. "Shugaba, don girman Allah matsa daga wutar nan. Ban gama biyan kuɗin rufin ɗakin ba."

Rajko kuwa ya sunkuya. Ya dai sa fuska a cikin kofi, kafaɗunsa na rawa. Kafin a kawo miya kowa ya san komai.

A gida Metod ya fitar da dalmar da guntun reshen da sandar goge bututu. Sannan, karo na farko, ya ɗora ma'auni a kan nasa. Duka sun yi tsawo, ba wanda ya rage. Ya mayar da ɗaya cikin injin ya danna, ya yi ƙaras-ƙaras, yana kallo ya sake leƙowa. Zai iya warware su ya ɗura sabbi kafin duhu. Amma sabon ɗuri sai an gwada shi, kuma gwajin harbi a lokacin ruri haramun ne, da sa hannun Metod Zalokar. Saura safiya ɗaya. A falo allon kafinta yana jira a bango, fari fat, Zofka kuwa ta ɗauko agogonta tana goge shi a hankali, tana 'yar waƙa.

Kafin rana ta faɗi Metod ya bi ta bayan lambuna, ba ta kan titi ba. Ya sami Rajko yana faskare a tsakar gida. Ya yaba itacen. Ya yaba gatarin. Ya tambayi lafiyar kare. Rajko ya jingina da gatari ya bar shi ya gama zagayensa.

"Ƙanina," in ji Metod, kalmar da bai taɓa furtawa ba tun ranar aurensa. "Bindigar nan taka. Da 'yan gwangwanin."

"Wanne? Abincin da ba ka ci?"

"Rage murya mana. Gobe da asuba za ka ara mini. Amma ka ji yadda za a yi. Ni zan saɓa tawa mu ratsa gari, kai ka riƙe taka, sai mun wuce gidan ƙarshe mu yi musaya. Harsasan kuma ka cire su daga kwalin kanti tun yau." Ya zaro akwatin karan-miski daga ƙarƙashin kwat, babu komai a ciki, ya miƙa da hannu biyu. "Ka jera mini su a nan. In wani ya tambaya a hanya, don Allah ka ce ka ji lokacin da suka yi ƙaras-ƙaras."