Allurar Fuskar da Ta Kusa Kashe Min Aure

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar yayana ba, ko da ma na so in manta dangi ba za su bar ni ba. Abin ya samo asali ne daga wani mai atamfa a kasuwa. Na tsaya ina taya ankon biki, bawan Allah ya dube ni da ladabinsa ya ce, "Kaka, wanne za a yanko miki?" Kaka! Ni da autana bai gama sakandare ba. Na koma gidanmu a unguwar Bolori na tsaya gaban madubi, na ga layuka a goshi, wasu a gefen ido, wasu sun sauko daga hanci zuwa baki. Gaskiya raina ya ɓaci.

Washegari na kai kukana wurin Madam Saratu, 'yar Biu ce da muke koyarwa a makaranta ɗaya. Ta ce ai akwai wata tsohuwar nas da ta koyo gyaran fuska irin na 'yan China. Babu man bilicin, babu tiyata, wasu siraran allurai ne kawai ake kafawa a fata, jini ya motsa, fuska ta miƙe. (Ni da ko allurar zazzaɓi sai an riƙe ni.) Na ce mu je. Maigidana, Malam Bukar, na ce masa dubiya za mu.

Matar ta san aikinta, hakkinta ba zan ɗauka ba. Kafin ta taɓa ni sai da ta tambaya, "Hajiya, kina shan maganin da ke tsinka jini?" Ina sha mana, kullum da safe, tun da hawan jini ya kama ni. Amma wadda ta zo neman ƙuruciya ta yaya za ta amsa ciwon manya? Na ce, "Ni? Allah ya kiyaye." Ta kwantar da ni ta jera min allurai kamar bushiya, zafin bai wuce cizon cinnaka ba. Da ta zare su ta ja min kunne: kada in murza fuskar, kada in yi mata komai sai ta huta.

To, a nan gizo ke saƙar. Wace 'yar Barno ce za ta shiga biki ba ta yi dilka ba? Ai sai a ce ba ta da lafiya. Kwana ɗaya tsakani na miƙa kaina ga mai dilka, ta shafe ni da haɗinta, ta dirje min fuska da iya ƙarfinta kamar tana wankin tukunya. Na kwana ina ƙamshi, na tashi da wani tabo baƙi-shuɗi a ƙarƙashin idon hagu, ga ƙaninsa a kumatu.

Malam ya gani ya firgita. Na ce masa da ƙofar kicin na bugu.

Ranar wuni na lafta hoda, na ja laffaya ta rufe rabin fuska, muka nufi Gomari gidan Yaya Modu, uban amarya. Na manta da zafin Maiduguri. Kafin azahar gumi ya wanke hodar tas. Ina cikin raba abinci sai na ji an riƙe min hannu. Goggo Falmata ce, ƙanwar mahaifinmu, wadda idonta ba ya wuce komai. Ta ja ni ɗaki, ta yaye laffayar, ta yi salati.

"Wa ya miki wannan?"

"Ƙofa ce, Goggo."

"Ƙofa?" Ta gyaɗa kai. "Na san irin ƙofar nan. Mai hula ce."

Kafin in haɗa wata maganar ta aika a kira Yaya Modu, shi kuma dama kamar fetur yake, ashana kawai yake jira. Aka taso Malam daga rumfar maza da maiƙon shinkafa a hannunsa. Ya shigo da fara'arsa yana gaisuwa da Barbarci, "Wushe, wushe," babu wanda ya amsa. Ya zauna a bakin tabarma yana kallon fuskokinmu.

Yaya ya nuna ni ya ce, "Bukar, amana muka ba ka ko jakar duka?"

Malam, mutumin da ko kaza zai yanka sai ya kira maƙwabci, ya ce, "Wallahi, Yaya, ƙofa ce. Har kafinta na kira ya rage mata baki."

Wannan ya ƙara tunzura Yaya. Ya ce ai ga shi har bakinmu ɗaya, an koya min abin da zan faɗa. Ya rantse ba zan koma gidan ba, a nan zan zauna sai manya sun zauna. Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. Kalma ɗaya za ta kashe wutar, amma kunya ta ɗaure min harshe. Ina ta lissafin yadda labarin zai zaga dangi kafin la'asar.

Sai Malam ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya ce, "Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, Allah ne shaidata. Amma in akwai abin da na yi mata har ta kasa faɗa, a taya ni ba ta haƙuri."

Nan zuciyata ta karye. Na fashe da kuka na ce, "Allura ce! Allurar gyaran fuska na je aka yi min, na zo na ɗora dilka a kai!" Na zayyana komai, har da ƙaryar maganin hawan jini.

Goggo ta shafa tsagar da ke kumatunta ta ce, "Mu muna jarirai aka tsaga mu da aska, ba a yi shawara da mu ba. Ke da furfurarki kika kai fuska da ƙafarki a soke ki?" Matan da suka yi cincirindo a bakin ƙofa (ashe rabin bikin na nan) suka kwashe da dariya. Yaya Modu ya rasa inda zai sa kansa, ya kama hannun Malam da hannu biyu yana, "Ka yafe ni, Bukar." Ni dai da ƙasa ta tsage da na shige.

Ni da Malam muka hau keke napep muka kama hanyar gida. Sai da muka kusa sauka ya ce, "Layukan nan ai a gidana kika same su, tare muka tara. Da kin tambaye ni, da na ce a bar min kayana."

Da tabon ya baje fatar ta ɗan yi sumul, ba zan ɓoye ba. Amma na koyi karatuna. Tsufa ya yi shekaru yana zaune a fuskata bai taɓa tara min dangi ba, ƙaryar kwana uku ce ta tara su.