Tsohuwa Ta Rasu da Wasiƙata a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko in ce zuciyar da ya kamata ta cika da shi, don har yanzu ban ji komai ba, nake sanar da masu karanta wasiƙata ta mako-mako rasuwar Tsohuwa, kwamfutar tafi-da-gidanka da ta yi mini hidima shekara goma sha ɗaya. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, a kan teburin yankan yadi da ke bayan shagon Tela. Ta cika a gabanmu mu huɗu, da wasiƙata ta ɗari da arba'in da uku a cikinta ba a aika ba. Shi ya sa kuka ji ni shiru.

Marigayiya ta zo hannuna ne daga wurin yayana, bayan ofishinsu ya sallame ta. Ta kasance mai nauyi, mai haƙuri, mai zafin jiki, don in ka ɗora ta a cinya minti ashirin sai ka nemi matashi. Ba ta gaggawa. In an buɗe ta sai ta ja numfashi, fuuuu, ta yi ƙir-ƙit-ƙit kamar mai gyaran murya, kafin ta farka kuwa an dafa shayi an zuba. Filastar asibiti ce ke riƙe da marfinta. Duk shirmen da na rubuta na goge, ba ta taɓa kai ƙarata wurin kowa ba.

Ga wanda bai san mu ba, mu huɗu ne, kowace da wasiƙarta da take aika wa masu karatunta ta imel. Ba mu da edita, ba mu da oga. Tela tana rubutu a kan ɗinki da halin masu kawo ɗinki. Malama tana koya wa iyaye yadda za su yi lissafi da yara ba tare da tsawa ba. Nas tana bayanin abin da ya kamata mutum ya tambayi likita kafin ya tashi daga kujera. Ni kuma jinyar Mama nake rubutawa, mahaifiyata da mantuwa ke ci a hankali. Shekara uku da suka wuce ni kaɗai ke da kwamfuta, sai ya zama duk Asabar muna haɗuwa a shagon Tela, su kwafo nasu daga waya, mu tsara, mu aika.

A ranar farko na ɗora yatsa a kan maɓallin aikawa na kasa dannawa. Minti arba'in ina cewa bari in duba, bari in ƙara dubawa, har Tela ta gaji, ta miƙo hannu ta saman kafaɗata da allura a bakinta ta danna. Tsohuwa ta ce ting. Daga ranar suka raɗa mini Bari-in-duba, kuma abin ya zama doka: mai wasiƙa za ta karanta a fili, a yi mata gyara ba sani ba sabo, sannan ta juya baya ta fuskanci rigunan da ke rataye, ta kusa da ita ta danna mata. Sai ta ji ting za ta juyo.

A ƙarƙashin wannan doka na ga mutane sun girma. Malama da ba ta iya rubuta layi uku ba tare da ta ba da haƙuri ba, yanzu makarantu ke gayyatar ta. Nas ta daina rubutu kamar takardar magani. Tela ta koyi yanke zance yadda take yanke yadi. Ni ma an ce na girma. Wasiƙa ɗari da arba'in da biyu na aika, ba ko ɗaya da yatsana ya danna.

Ciwon ajali bai ɗauki lokaci ba. Na gama karanta musu wasiƙar, wadda ke ba da labarin ranar da Mama ta dube ni ina taje mata kai ta tambaye ni 'yar gidan wa ce ni. Ba wadda ta yi gyara. Na juya baya, Nas ta matso, ina jiran ting. Abin da na ji shi ne tsss, sai ƙaurin wayar lantarki. Na daɗe ina kallon wata riga mai ruwan toka da ba a sa wa hannu ba, kafin wata ta taɓa ni.

Ranar Litinin na kai ta wurin mai gyara. Tun kafin ya ɗauki sukudireba ya shafa marfinta ya gaishe ta, ya ce ai tsohuwar majinyaciyarsa ce. Na ce ban taɓa kawo ta ba. Ya ce ba ni ba, wasu mata uku, ɗaya da tef ɗin awo a wuya. Sau huɗu suna kawo ta: batir, fanka, madannai, sai kuma fanka. Na tuna makonnin da Tela ke cewa in bar mata kwamfutar za ta ƙarasa wani aiki. Ya ce a zuwan ƙarshe ya gaya musu cikinta ya gama ƙonewa, sai dai jiran lokaci.

Ni da ake tsoron bakina, na tafi shagon da niyyar in wanke su tas. Tela ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba ta yi ba. Ta ce to me, kowaccensu ta sayi kwamfutarta fiye da shekara, a gida suke barin su don kada in gani. Ta ce sun daɗe da iya danna nasu, suna juya baya ne kawai don kada in juya ni kaɗai. Sun kuma yi shawara tun tuni cewa ranar da Tsohuwa ta tafi, dokar ta bi ta. Za su zo, za su saurara, za su yi gyara, amma ba mai ƙara danna mini. Nas ta aiko a gaya mini wai hannun da ke yi wa uwa wanka kullum ba maɓalli ne zai gagare shi ba.

Ban yi faɗa ba. Na dawo gida na ba Mama abinci, na wanke kwanuka, na sake wanke su.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda wadda sai an lanƙwasa wuyanta take aiki, da jaka mai mataccen zif, da mata huɗu, uku daga cikinsu sun shirya wa rashinta. Ta bar masu karatu ɗari uku da goma sha biyu, da wasiƙa ɗaya da mai gyara ya ciro daga cikinta ya sa mini a filasha. Tana cikin jakata, ban buɗe ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a bayan shagon Tela, wadda ta riga ta ɗinka likkafani da ragowar yadin shafin riga. Za a ajiye ta a kantar shagon ta sama, kusa da tsohon dutsen guga. Ba zaman makoki. Mai ta'aziyya ya amsa wannan imel, amma don Allah kada a turo mini shawarar irin kwamfutar da zan saya.

Sanarwar nan a waya na rubuta ta, a bakin ƙofar ɗakin Mama tana barcin rana. Na duba ta sau goma sha tara. Na juya baya sau ɗaya don sabo, ba kowa sai bango. Wayar nan ba ta yin ting, don haka ba ni da yadda zan sani. In kuna karanta wannan, to na danna.