Kaset ɗin Baturen Babanmu

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a da na yi a unguwar Abhur ta Jidda ba, ranar da na shiga gidan mutane ina ɗaga kafaɗa, na fito ina neman inda zan sa fuskata. Kuma kaset guda ɗaya tak ya jawo mini.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Ni ɗin nan, haifaffen Jidda, magidanci mai 'ya'ya uku, na kamu da son wasu mawaƙan Ingila su huɗu da suka yi tashe a farkon shekarun tamanin. Irin masu jita da fiyanon lantarki ɗin nan, gashi a tsaye kamar an ba su tsoro. Ba ma waƙoƙinsu na faifai ne suka fi tafiya da ni ba, sai wasannin da suka yi gaban jama'a lokacin da suke yawon ƙasashe, waɗanda 'yan kallo suka riƙa ɗauka a ɓoye da ƙaramar rikoda a aljihu. Za ka ji ihu, ka ji tari, ka ji mawaƙi ya manta baiti. (Matata ta ce wannan ba kiɗa ba ne, tashar mota ce.)

Akwai wani zaure a intanet na masu tara irin waɗannan tsofaffin ɗauka. Ba a saye, ba a sayarwa. Wanda duk ya tono abin da ba a taɓa ji ba, sai a saka shi a rumbun zauren da sunansa a jiki har abada. Shekarata shida a ciki ban taɓa kawo ko tafi ɗaya ba. Aikina kawai in sauke na wasu in rubuta godiya. Abin yana ci mini rai, wallahi, musamman da yake ɗaya ɗan zauren da ke Jidda, Ustaz Faisal, wani Balarabe injiniya mai ritaya, sunansa ya cika rumbun.

To, da aka rushe tsohuwar unguwarmu Karantina, Umma ta dawo wurina a unguwar Safa da kayanta. Wata rana ta sa ni neman wata takarda a tsohon akwatinta na ƙarfe, sai hannuna ya faɗa kan kaset. A jikinsa an rubuta da biro: sunan mawaƙan nan nawa, da sunan wani gari a Japan. Wasan da 'yan zaure suka yi shekaru suna cewa babu wanda ya ɗauka! Sai da na zauna a ƙasa.

"Umma, wannan daga ina?"

"Na Baturen babanka ne," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. Marigayi babanmu ya yi wa wani Bature tuƙi, da zai koma ƙasarsu ya bar masa kwali guda na kaset. "Kayan shirme. Ɗauka in kana so."

Na saka a tsohuwar rediyonta. Ihun jama'a, mawaƙin yana gaishe su, ganga ta tashi. Minti ɗaya na ji na kashe, don tsoron kada rediyon ta tauna mini dukiya. Na ga salatef a liƙe a kan 'yan ramukan saman kaset ɗin, na ce kai, Baturen nan akwai tattali. Nan take na sanar a zaure. Waya ta yi ta ƙara har ta yi zafi. Mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwata ba suna kirana ɗan'uwa. Kwana huɗu abinci ma a tsaye nake cinsa.

Aka sa Juma'a bayan la'asar za a saurari kaset ɗin a gidan Ustaz Faisal da ke Abhur, shi ke da na'urar kirki. Na sa sabuwar jallabiya, na fesa turare, na kuma ɗauki Talal, abokina tun muna yara a Karantina, don ya zama shaidar ɗaukakata. (Talal irin Hausawan Jiddan nan ne da in zai yi Hausa sai ya yi gumi, amma kunnensa ba abin da ke wuce shi. Wannan ban yi lissafinsa ba.)

Ustaz ya karɓi kaset da safar hannu. A kwamfutarsa ga fuskokin 'yan zaure daga ƙasashe daban-daban, suna jira. Ya ce, "Yalla, bismillah," ya danna.

Waƙar farko ta fito tangaran. Wani dattijon Bature a allon ya dafe kai yana share hawaye. Ni kuwa na kishingiɗa ina gyaɗa kai kamar ni na kaɗa jitar. Aka shiga waƙa ta biyu, sai ji muka yi ƙas! Kiɗa ya ɗauke. Aka hura iska a rikoda sau biyu.

"Malam, yana juyawa kuwa? To. Salamu alaikum Inna, ni ce Hajara daga Jidda."

Muryar Umma, tana da ƙuruciyarta.

A nan na tuna abin da kowane ɗan Karantina ya sani, ni ma na sani, zumuɗi ne ya rufe mini ido. A da, iyayenmu ba wasiƙa suke rubutawa gida ba. Kaset suke samu kowane iri, su toshe ramukan da salatef don ya karɓi sabuwar magana, su ɗauki saƙonsu a kai, su ba alhazai su kai.

Da gaisuwa kawai ta yi ta tsaya, da da sauƙi. Ta gaida mutanen Kano gida-gida, sannan ta sassauta murya.

"Sai maganar yaron nan, Inna. Shekararsa bakwai, amma har yau bai daina fitsarin kwance ba. Katifa biyu muka yar. A taimaka a ba alhazan bana magani."

Ustaz ya juyo ya tambaye ni da Larabci me take cewa. Na ce addu'a ce. Talal da ya riga ya zame daga kujera yana riƙe da ciki ya ce ai ba addu'a ba ce, ya fassara masa kalma-kalma, har katifun.

Na yi ta maza na ce, "Ai ba ta faɗi suna ba. Mu biyar ne a gidanmu."

"Ya shaikh!" in ji Talal, Hausarsa ta miƙe ranar kamar ba shi ba. "Wace Bahaushiya ce take kiran sunan ɗan fari? Yaron nan ai kai ne, tunda kai ne babba, halas, magana ta ƙare!"

Ya bayyana wa Ustaz al'adar, Ustaz kuma ya juya wa mutanen allo da Turanci. Cikin minti biyu fitsarina ya ratsa harsuna uku.

Sauran fatana ɗaya, wataƙila wasan ya tsira a bayan kaset. Aka juya. Sai muryar wata tsohuwa, kakata ce take ba da amsa, ashe a kai ta ɗauka ta mayar. Ta ce a ɗaura mini kwaɗo a ƙugu, maganin ke nan. "In kuma babu kwaɗo a ƙasar Makka, a faɗa mini, in ba wani alhaji ya taho da shi a gwangwani." Daga nan ta shiga sa mini albarka, doguwa, tana cewa Allah ya nuna mata ni. Bai nuna mata ba, ta rasu ban je Kano ba, kuma ban taɓa jin muryarta ba sai ranar. Ga kunya ta kashe ni, ga daɗi ya cika ni, na rasa wanda zan fara ji.

Na roƙi Ustaz ya yanke minti huɗun kiɗan kawai. Ya girgiza kai. Ƙa'idar rumbu ce, in ji shi, ana saka kaset ne yadda aka same shi, gaba da baya, ko a bar shi gaba ɗaya. Wato ko in haƙura da sunan da na yi shekara shida ina nema, ko in same shi da katifa biyu a jiki.

Na dawo gida na kai wa Umma ƙara. Ta saurare ni tsaf ta ce, "To ƙarya na yi? Sai da ka kai tara ma. Ka bar su su saka, Inna ma duniya ta ji muryarta."

Aka saka. Yanzu sunana yana nan ɓaro-ɓaro a rumbu, kuma duk abin da na rubuta a zaure, sai wani ya amsa mini da hoton kwaɗo. Abin da na koya shi ne, kafin ka tara jama'a su zo jin tarihi, ka rufe ƙofa ka saurare shi kai kaɗai har ƙarshe, don ba mamaki naka ne.