Ranar da Na Yi wa Mai Kifi Kuka

Ba zan taɓa mantawa ba, ina tsugune a wani shagon takalma a titin Zhanxi Lu a Guangzhou ina duba ɗinki, ƙanena ya kira daga Kano. "Yaya, sai haƙuri. Inna ta cika." Kafin in sami tikiti har an kai ta.

Ban yi kuka ba. 'Yan kasuwarmu na Guangzhou suka yi ta zuwa ta'aziyya masaukina, suna yaba tawakkalina. (Allah ya yafe mini, yabon yana yi mini daɗi.) Har nasiha nake yi wa waɗanda suka zo yi mini nasiha.

Da aka kwana biyu, abokina Isufu, mutumin Maraɗi, ya ce, "Alhaji, ka koma kamar kazar mayu. Tashi mu sha iska." Ya ɗauko hayar mota muka nufi ƙauyukan bakin teku. Tafiya ce mai nisa. Hanya tana ta kewaye duwatsu, teku a ƙasa yana dukansu, ƙauye bayan ƙauye, jiragen masunta da raga a shanye. Isufu yana ta hoto, ni ina ta hamma.

A wani ƙauye muka tsaya sayen busasshen kifi wurin wata tsohuwa. Ta baza shi a tabarma, tana durƙushe tana juya shi da bayan hannu. Haka Inna take juya kuɓewa a tsakar gida.

Na ɗauki kifi ɗaya zan tambayi kuɗi, sai kawai na fashe. Ba hawayen manya ba, kuka sosai har da majina, gemu a jiƙe, kifi a hannu. Mutane suka taru. Tsohuwar ta zaci tsada ce ta sa ni, ta rage kuɗi a kalkuleta ta nuna mini tana cewa, "Lawban, lawban," wato maigida. Na ƙara sauti. Ta ƙara ragewa.

Isufu ya dafa kafaɗata a hankali. "Alhaji, kar ka tsaya. Saura kaɗan ta ba mu kyauta."

A mota na kasa haɗa ido da direba har muka dawo gari.

Abin da na koya shi ne, kukan da ka hana fita a ɗaki, a kasuwa yake kama ka. Na je Kano da damina, na gaisa da kowa, na ziyarci kabari. Ɗakinta dai har yanzu ban shiga ba.