Dutsen Thorkild Ya Rasu a Hannun Surukinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya wadda ta fi baƙin cikin nauyi, Asger Lindholm, likitan haƙori a garin Esbjerg, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar dutsen tekun nan mai rai na tankin kifin surukinsa Thorkild. Ya cika ranar Asabar da hantsi a wurin wanke kwanuka na kicin, bayan shekara ashirin da bakwai yana zaune lafiya cikin ruwan gishiri.

Marigayin bai fi girman kabewa ba, duk jikinsa ramuka ne. Thorkild, tsohon injiniyan jirgin ruwa, ya sayo shi a Hamburg a shekarar da matarsa ta rasu, ya taho da shi a jiƙe cikin bokiti, ya kafa masa tankin gilashi a falo. Tun daga lokacin yake tace wa kifaye ruwa ba tare da an taɓa jin ƙorafinsa ba. Gansakuka shunayya ta rufe bayansa kamar riga. Bai taɓa korar baƙo ba: tsutsotsi masu kai kamar laima, da ƙaguwa biyu, da taurarin teku 'yan mitsi-mitsi duk a jikinsa suka yi gida. Akwai kuma wani jatan lande da ya shekara uku a can ciki babu wanda ya taɓa ganinsa, sai dai a ji shi, ƙas, ƙas, kamar ana karya tsinken ashana. Muryar da aka san marigayin da ita ke nan.

A watan Satumba Thorkild ya faɗi a kan matakala karo na biyu, aka mayar da shi gidan kula da tsofaffi, inda ɗakinsa ba zai ɗauki tanki ba. Kifayen ya raba wa abokansa. Dutsen kuwa ya ce Asger, mijin 'yarsa Bodil, zai ba wa, domin a ganinsa mutumin da ke aiki a bakin mutane dole ya san a-hankali. Ya yi wa Asger bayani dalla-dalla: sabon tanki sai ruwansa ya nuna, mako shida babu kifi, kullum da safe a ɗebi ruwa a gwada a ga ko gubar da ke taruwa a sabon ruwa ta sauka. Ya ce wani datti mai launin ruwan ƙasa zai fito ya rufe komai, kuma shi ne alamar abin yana tafiya daidai.

"Hannunka a aljihu, Asger," in ji shi. "Aikin ke nan gaba ɗaya."

Mako biyu Asger ya riƙe amana. A na uku dattin ya fito kamar yadda aka faɗa, ya lulluɓe shunayyar nan. Mutum ne da ya shekara talatin yana yi wa jama'a faɗa a kan irin wannan launi a haƙoransu, ya kasa wucewa ta falo bai tsaya ba. Ga shi ranar Lahadi Thorkild zai cika shekara tamanin da huɗu, za a ɗauko shi ya ci abincin rana a gidan, ya ga dutsensa. Da Bodil za ta fita sayen kek ranar Asabar, sai da ta tsaya a bakin ƙofa ta tuna masa abin da Baba ya ce. Ya amsa mata da to.

Motarta na barin layin ya naɗe hannun riga. Ya ciro marigayin, ya kai shi kicin, ya buɗe famfon ruwan zafi. Ya fara da sabon buroshin haƙori, da ya ga bai isa ba ya ɗauko na tukunya. Minti arba'in yana gurza, yana jin daɗin yadda farin ke fitowa. Abubuwan da ke zuba suna bin ruwa ya ɗauke su duk datti ne. Sai da ya kashe famfo ya ga jatan landen kwance a bakin magudana, bai fi gaɓar yatsa ba, hannunsa ɗaya ya fi ɗaya girma, ya riga ya canza launi don zafi. Asger ne mutum na farko da ya gan shi.

Ya mayar da dutsen cikin tanki da sauri, kamar hakan zai gyara wani abu. Kafin la'asar ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, falon ya ɗauki wari. Bodil ta dawo, ta daɗe tana kallo da kwalin kek a hannu, sannan ta ce shi zai gaya wa Baba, ba ita ba.

Bai gaya masa ba. Ranar Lahadi da safe ya canza ruwan, ya buɗe tagogi. Idanun Thorkild sun yi rauni, ba ya bambance fari da shunayya sai an faɗa masa. Bayan an ci abinci ya sa aka tura kekensa jikin gilashin, ya roƙi a yi shiru, ya kara kunne. Aka daɗe babu motsi. Ya tambaya ko mutumin nasa ya daina magana ne, Asger ya ce baƙunta ce, bai saba da sabon gida ba tukuna. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce haka ne, haka ya yi masa shi ma da farko. Sannan ya ɗaga kofinsa ya gaya wa kowa a teburin cewa bai yi kuskuren zaɓe ba, samun mai haƙuri irin surukinsa sai an tona. Asger ya ɗaga nasa kofin, ya sha.

Iyalan suna so a sani cewa na'urar ɗumama ruwa ba ta da laifi, haka famfon tankin, haka gishirin, haka kantin da aka sayo su, duk da cewa a farkon makon nan Asger ya yi tunanin ɗora wa kowannensu.

Marigayin ya bar dodon koɗi guda ɗaya, wanda ya tsira saboda yana kan gilashi lokacin da abin ya faru. Ya bar Bodil, wadda har yanzu maganarta da mijinta ba ta wuce ta shara da wasiƙu ba. Ya bar Thorkild, wanda ya bugo waya sau biyu yana tambayar sakamakon gwajin ruwa.

Za a binne marigayin ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana a lambun bayan gida, gindin itacen tuffa. Ranar Juma'a Asger zai je gidan tsofaffin ya karanta wa surukinsa wannan sanarwa daga farko har ƙarshe. Bodil za ta kai shi, amma ta ce a mota za ta jira. Idan Thorkild ya yarda ya zo, an tanadar masa wuri a gaba. Za a sha kofi bayan an gama. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo furanni, kada kuma kowa ya ce ai dutse ne kawai. Mai ta'aziyya ya yi wa tsohon. Asger yana kicin, shi zai wanke kofuna.