Ranar da Na Kashe Rediyon Kaka

Sati uku da fara koya mana transisto, wani ɗan kayan cikin rediyo, a ajin injiniya, na soma yawo a Samaru kamar ni na ƙirƙiro lantarki. Malaminmu ya ce in za ka lissafa yadda transisto ke ƙara sauti, sai ka sake zana hanyar wutar a sauƙaƙe, ka share kafasito, ɗan kayan da ke tara wuta, ka ja layi a gurbinsa kamar waya ce. A takarda kaɗai ake yin haka. Wataƙila ya faɗa, ina gyangyaɗi.

Ran Asabar na tarar da Kaka a Bomo tana jijjiga rediyon da marigayi mijinta ya bari. Tun rasuwarsa shi ke mata hira.

"Muryarsa ta yi ƙasa, maigidana," ta ce.

"Kin yi sa'ar miji injiniya," na ce.

Na yi zanena a bayan kalanda, na cire kafasito biyu, na ɗaura waya a gurbinsu, na mayar da batir. Rediyo ya yi tari sau ɗaya, ya saki hayaƙi siriri, ya yi shiru.

Mai gyara a Sabon Gari ya leƙa ciki, ya daɗe yana kallona, ya ce an daina yin irin kayansa tun kafin a haife ni.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta goge rediyon, ta lulluɓe shi da ƙyalle, ta ɗora kan kabad. Amma har yau in na je gaishe ta, sai ta ce, "Ku ɓoye tocila, ga wanda ya kashe min miji na biyu."